Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Horon Baba a Agege

Assalamu alaikum. Makon jiya mun tsaya ne a inda kawuna ya kai ni gaban dattijon da 'yan damben Agege ke kira Baba, ya ce masa ga yaronsa nan, hannunsa na da nauyi, a duba shi.

Baba bai ko kalli hannun ba. Cewa ya yi in tsuguna in miƙe, in yi ta yi sai ya ce ya isa. Ba a jima ba cinyoyina suka ɗauki rawa. Ya juya wajen kawu ya ce, "Alhaji, ɗan naka yana da ƙarfin dako. Ƙarfin dambe kuwa sai mun gina shi."

A lokacin ina aiki a mayankar Oko-Oba, ina saɓa cinyar bijimi a kafaɗa tun duku-duku har hantsi. Dambe kuma dama gadon mahauta ne, don haka duk wanda ya gan ni cewa yake ai an gama. Amma dako yana koya wa jiki ɗaukar nauyi ne a hankali, ta fuska ɗaya, kullum iri ɗaya. Dambe turmi uku ne, kuma a gargajiyance ba a auna nauyin kowa kafin a haɗa ku. Kana tsaye ne a karkace, ƙafa ɗaya gaba, hannun garkuwa a miƙe, mashi, wato hannun da ake bugu da shi, a baya yana jiran kafa. Da gwiwarka ko hannunka ya taɓa ƙasa, an yi kisa. Wanda ƙafarsa ta mutu a turmi na biyu ya faɗi tun kafin a buge shi, ko da ƙwanjinsa ya kai girman tulu.

Gudu muka fara da shi. Muna fita kafin kiran assalatu, lokacin da tsohuwar hanyar Abeokuta ba ta cika da motocin haya na danfo ba, mu yi sassarfa daga Oko-Oba zuwa Pen Cinema mu dawo, mu yi sallah, kowa ya kama sana'arsa. Ranar Talata da Alhamis kuwa gudun matattakala ne a gadar masu tafiya a ƙasa: ka haura da gudu, ka sauko a hankali, kafin hakinka ya lafa an sake cewa hau. Wannan ne ya fi kama da abin da ke faruwa a fili, domin ba a yin dambe da numfashi ɗaya. Ka afka, ka ja da baya, ka sake afkawa. Wanda ƙirjinsa ya fi saurin dawowa daidai shi ke da turmi na uku.

Wanda ya taso a Arewa sai ya sake koyon zufa a Legas. A garinmu gumi na fita iska ta busar da shi, jiki ya yi sanyi. A nan iskar kanta a jiƙe take, rigarka za ta yi sharkaf amma zafin yana nan a ciki. Baba ba ya wasa da ruwa. Kowa na zuwa da gorarsa, ranar da aka sha wuya kuma ya sa a haɗa ruwan gishiri da sukari irin wanda ake ba yara: lita 1 ta ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Yakan ce mu duba fitsarinmu, in ya yi ja to ba mu sha abin kirki ba.

Bayan la'asar muke taruwa a wani kango bayan gidan dambe. Kayan aikinmu tayar tirela ce, da guduma, da buhun yashi, da bututun ƙarfe da aka dasa wa gwangwanayen siminti a kowane gefe. Mu juya taya, mu dake ta da guduma dama da hagu, mu yi tsallen kwaɗo, mu rungumi buhu mu tsuguna da shi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda Baba ya dage a kan hannun da ba na bugu da shi. Garkuwa in ta gaji sai ta sauka, fuska ta buɗe. Sai ya sa ka riƙe dutse a miƙe har kafaɗarka ta ɗauki wuta. Shi kansa bugun, a wurinsa daga ƙasa yake tasowa: diddige ya juya, kwankwaso ya bi, kafaɗa ta biyo baya, hannu shi ne na ƙarshe. Na sha ganin ya kama ƙugun yaro da hannu biyu yana murɗawa yana cewa, "Nan ne, ɗana, nan ne!"

Ba kullum ake ɗaga nauyi ba. In an yi wa ƙafa aiki yau, gobe sai a bar ta, domin tsoka tana buƙatar kamar kwana 2 kafin ta murmure, kuma a hutun take ƙaruwa. Juma'a babu horo sam. Abinci ma ba na masu kuɗi ba ne: wake da burodin Agege da safe, fura da nono da rana, tuwo da dare, da ɗan naman da mahauci ba ya rasawa.

Akwai abin da har yau yake ci mini rai. Na ga samari masu kyawun jiki suna haɗiyar tramol kafin horo wai don kada su ji gajiya. Ƙwayar ba ta ƙara ƙarfi, ɓoye ciwo kawai take yi, mutum ya yi ta dukan buhu da targaɗe bai sani ba. Ɗaya daga cikinsu ya faɗi yana farfaɗiya a gabanmu, yaron da kowa ke sa ran zai yi suna. Daga ranar Baba ya kafa doka, wanda aka kama ya bar kangon, ko ɗan wane ne. Ina tare da shi a kan wannan har gobe.

Wata Asabar ya kwashe mu zuwa babban filin wasa na Surulere, wanda aka buɗe a 1972, aka yi wasannin Afirka a cikinsa a 1973. 'Yan damben zamani ya kai mu gani. Mun tsaya muna kallon yadda suke tsallen igiya, ƙafa ba ta ko ƙara. Ya ba mu labarin Nojim Maiyegun, ɗan Legas da ya ciyo wa Nijeriya lambarta ta farko a gasar Olamfik, tagulla a Tokyo a 1964. Wasu daga cikinmu suna ganin mai sa safar hannu ba namiji ba ne. Baba ya ce, "Ku bar raini. Abin da yake da kyau ɗauka ake yi." A hanyar komawa ya saya mana igiyoyi a Oshodi da kuɗin aljihunsa, yana ta ba mu labarin zamaninsu, lokacin da suke gudu cikin yashin Bar Beach tun ba a cike wurin an yi gine-gine ba.

Azumi ya same mu a haka, horon ya koma bayan asham, aka rage nauyi. Ana saura kwanaki sallah Baba ya kira kawu ya ce an sa sunana cikin wasan sallah, ɓangaren Arewa. Wanda za a haɗa mu ɗan damben ɓangaren Kudu ne da ke sauke kaya a kasuwar Mile 12, bahago, ya girme ni kuma ya fi ni tsawo. Yadda muka kwashe da shi, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.