Kan sarkin da ya kai ni ƙauyen masu laima

Sarin kaya ne ya kai ni Bankok, babban birnin ƙasar Tailan, amma kwana biyu aka ce in jira kafin a haɗa mini kayan, zaman otal kuma ya gundure ni. Sai na hau jirgin ƙasan nan mai bi ta sama, na sauka a Safan Kwai, inda gidan adana kan sarki yake.

Sunan da muka ba abin ya dace da nan sosai. Kan sarkin farko da ƙasar ta buga, a 1883, kan Sarki Culalonkon ne a jiki. Na wuce sarakunan da sauri, na tsaya a na sana'o'in hannu. Ga silikin mudmi na arewa maso gabas, wanda zarensa ake ƙullewa a rina tun kafin a saƙa. Ga kwandunan kudu da ake saƙawa da wani tsiro mai suna yan lifao, saƙarsu ta fi ta faifai ƙanƙanta. Ga tangaran benjaron, wato mai launi biyar. Can na hango wani tsohon kan sarki mai hoton masu haɗa laimar takarda. Na tambayi ma'aikaciyar wurin ko har yanzu ana yi, ta rubuta mini sunan wani ƙauye kusa da Ciyan Mai, Bo San, a 'yar takarda.

Jirgin ƙasan dare na shiga zuwa Ciyan Mai, kusan awa 13, sanyin na'ura kamar ya kashe ni don ban ɗauki rigar sanyi ba. Ƙauyen bai fi kilomita 10 daga gari ba.

Abin da ke jikin kan sarki bai kai faɗin babban yatsa ba, a nan kuwa rumfa ce guda, kowa da nasa aikin. Wata dattijuwa na zaune a tabarma tana fere gora da wuƙa, tsinke bayan tsinke, ko kallon hannunta ba ta yi. Takardar kuma daga ɓawon wata bishiya da suke kira "sa" ake samunta: a dafa, a daka, a baza a rariya, a shanya. Mai fenti shi ne na ƙarshe, shi kuma baƙi ke yi wa tafi, alhali wahalar tana wajen tsohuwar nan.

Na sayi ƙaramar laima ja. Ta ƙi shiga jaka, haka na rungumo ta har Bankok.