Bayan kuɗin haya: lissafin gida da ke jiran sabon zuwa a Ingila

Duk wanda ya sauka Ingila da iyali, kuɗin haya yake fara tambaya, kuma a kansa yake gina lissafin wata. A nan yawancinmu muke yin kuskure. Sai dai in a yarjejeniyar an rubuta ƙarara cewa bil-bil na cikin haya, gidan zai zo maka da 'yan rakiya: harajin ƙaramar hukuma, ruwa, wuta da gas, intanet, da lasisin talabijin. Babu mai ƙwanƙwasa ƙofa ya tambaye su. Wasiƙa ce za ta faɗo ta ramin ƙofa, wani lokaci ma ba da sunanka ba, sai dai "mazaunin gida", kuma ranar da ka karɓi makulli ita ce ranar da bashin ya fara hawa kanka.

Saboda haka aikin ranar farko, tun ba a kwance kaya ba, shi ne neman mitoci. Ka ɗauki hoton mitar wuta, ta gas, da ta ruwa idan akwai, lambobin su fito sarai. Ta ruwa sau da yawa tana waje, cikin ɗan rami mai murfi a bakin hanya, ko ƙarƙashin wurin wanke-wanke a kicin. A nan ƙarƙashin ne kuma aka fi samun makunnin da ke tsayar da ruwan gidan gaba ɗaya. Ka gwada shi tun lafiya lau, don ranar da bututu ya fashe ba ranar nema ba ce. Sannan ka aika wa kowane kamfani lambobin da ranar shigarka. Wanda bai yi haka ba, kamfani zai yi masa ƙiyasi, kuma ba abin mamaki ba ne ya biya ruwan da wanda ya tashi ya yi wanka da shi. Ka ɗauki hoton bango, kafet da murhu ma, domin kuɗin jingina, wanda doka ta ƙayyade kada ya wuce hayar mako 5 a yawancin gidaje, daga cikinsa ake yankar duk ɓarnar da ka kasa nuna cewa ka tarar da ita.

Ruwa shi ne ya fi ruɗa mutane. Ba ka da zaɓin kamfani. Unguwarku ce ke zaɓa maka. Tun 1989, zamanin Margaret Thatcher, aka sayar da harkar ruwa a Ingila da Wales ga 'yan kasuwa, kowane kamfani da yankinsa: Thames Water a mafi yawan Landan, Severn Trent a Birmingham, United Utilities a Manchester. A Sikotland harkar tana hannun gwamnati, kuma kuɗin ruwan yana zuwa ne cikin takardar harajin ƙaramar hukuma, ba daban ba. A watan Afrilun 2025 matsakaicin bil ɗin ruwa na shekara a Ingila da Wales ya tashi da kusan kashi 26 cikin ɗari, ya kai wajen fam 603.

Bil ɗin kashi biyu ne, kuma wannan ne ke sa sabon zuwa ya ɗauka an caje shi sau biyu. Akwai kuɗin ruwa mai tsabta da ke shigowa, akwai kuma kuɗin kwashe ƙazamin ruwa da ke fita, har da ruwan saman da ke gangarowa daga rufinka zuwa magudanar kamfani. A wasu yankunan kamfanoni biyu ne ke waɗannan ayyukan.

Hanyar lissafi ma biyu ce. Gida mai mita, abin da ka sha shi za ka biya, da ma'aunin kubik mita, wato lita 1,000, tare da wani tsayayyen kuɗi da ba ya canzawa. Gida marar mita kuwa, ana lissafa shi da tsohuwar ƙimar da aka yi wa gidaje kafin 1990, ko mutum ɗaya ne a ciki ko takwas. To wanne ya fi? Ƙa'idar da aka saba bi ita ce ka ƙirga ɗakunan kwana ka ƙirga mutane. In ɗakuna sun fi mutane yawa, ko sun zo daidai, mita takan rage maka kuɗi. In kuwa maigida da uwargida da yara huɗu ne a gida mai ɗaki biyu, ga wanki kullum, ga wanka, ga alwala sau biyar, to kada ka yi gaggawar neman mita. Mutum ɗaya a ƙasar yana amfani da wajen lita 140 a rana. Ka ninka wannan da yawan mutanen gidanka ka gani da kanka. Sa mita kyauta ne, kuma ɗan haya mai yarjejeniyar da ta wuce wata 6 yana da damar nema. Sai dai a wasu yankunan kudu maso gabas, inda aka ayyana ƙarancin ruwa, kamfani na iya sa ta ko ba ka so.

Idan bil ya yi tsalle ba dalili, kafin ka kira kamfani ka yi faɗa, rufe duk famfuna da injin wanki, ka karanta mita, ka jira awa ɗaya, ka sake karantawa. In lamba ta motsa, akwai yoyo. Mafi yawan lokaci tankin masai ne: robar da ke riƙe ruwan ta lalace, ruwa na silalowa cikin kwanon dare da rana ba ƙara, har ya kai ɗaruruwan lita a yini. Gyaran na mai gida ne, amma bil ɗin da sunanka yake zuwa, don haka ka sanar da shi a rubuce. Doka ta hana yanke wa gidan zama ruwa saboda bashi, kuma wasu na jin haka sai su yi sakaci. Ba za a yanke ba, gaskiya ne, amma bashin zai bi ka zuwa kotu, ya ɓata maka tarihin biyan bashi, wanda shi ake dubawa ranar da za ka kama wani gidan ko ka ɗauki waya a kan biyan wata-wata.

Wata magana da ba a faɗa wa mutanenmu: banɗakin Ingila ba a gina shi don zubar da ruwa a ƙasa ba. Yawanci katako ne a ƙarƙashin ledar, babu magudana. Buta ba laifi, amma ruwan tsarki da na alwala su tsaya cikin kwano ko baho. In ba haka ba, wata rana maƙwabcin ƙasa zai hawo da hoton silin ɗinsa.

Harajin ƙaramar hukuma shi ne babba bayan haya. Gidaje a Ingila an kasa su rukuni 8, daga A zuwa H, bisa darajarsu a 1991, kuma matsakaicin rukunin D a shekarar kuɗi ta 2025 zuwa 2026 ya kai fam 2,280. Ana raba shi wata 10, Afrilu zuwa Janairu, amma kana iya roƙon a mayar 12. Gidan da babban mutum ɗaya kaɗai ke zaune a ciki yana da rangwamen kashi 25. Gidan da duk mazaunansa ɗalibai ne na cikakken lokaci ba ya biya, amma sai ka kai takardar shaida daga makaranta; ba a yafewa haka kawai. Da wannan harajin ba a wasa: ka tsallake wata guda, a aiko da tunatarwa, in ba ka biya cikin kwana 7 ba ana iya neman kuɗin shekarar gaba ɗaya.

Wuta da gas kuwa kana da zaɓin kamfani. Hukumar Ofgem, mai sa ido kan harkar wuta da gas, tana ƙayyade farashi duk wata 3, kuma a 2025 lissafin matsakaicin gida ya riƙa yawo tsakanin fam 1,700 da 1,850 a shekara. Wajen fam 300 daga ciki kuɗin tsayuwa ne, ko ka yi tafiya gida hutu sai ka biya. Farashin ma'aunin wutar lantarki ya ninka na gas kusan sau huɗu, shi ya sa ƙaramar hitar sokawa a bango, wadda ake saya don a yi tattali, take zama ita ce mai cin kuɗin. Kashe ɗumama gida gaba ɗaya ma ba dabara ba ce. Sanyi da tururin tuwo da shanyar wanki a ɗaki, in suka haɗu da tagogi a rufe, baƙar fumfuna ce ke biyo baya a bango da bayan kabad. A buɗe taga na ɗan lokaci bayan girki da wanka.

Lasisin talabijin, wanda a Afrilun 2025 ya kai fam 174.50 a shekara, dole ne ga duk mai kallon shiri kai tsaye a kowace tasha ko mai amfani da BBC iPlayer, manhajar kallon shirye-shiryen BBC, ko da a waya ne.

Cin abinci a waje shi ne ƙofar da kuɗi ke fita ba a ji ba. Akwai dalili: ɗanyen kayan abinci a kanti babu harajin VAT a kansu, amma abincin da aka ci a zaune ko aka saya da zafinsa yana ɗauke da kashi 20. Shinkafa, albasa da tumatirin gwangwani a manyan kantuna irin su Aldi ko Lidl, nama a wajen mahautan halal na unguwar Whitechapel a Landan, Alum Rock a Birmingham ko Cheetham Hill a Manchester, manja da garin tuwo a shagunan 'yan Afirka irin na unguwar Peckham a Landan. Tukunyar miya ɗaya za ta ciyar da gida kwana biyu da kuɗin da bai kai na faranti biyu a gidan abinci ba. Mafi ƙarancin albashi ga mai shekara 21 zuwa sama ya kai fam 12.21 a awa a Afrilun 2025, don haka ɗalibin da bizarsa ta ba shi awa 20 kawai a mako ya san abin da fita ɗaya da iyali ke cinyewa.

In an fita, a duba ƙasan rasit. Gidajen abinci da yawa, musamman a Landan, suna ƙara kashi 12.5 da sunan kuɗin hidima. In an rubuta na ganin dama ne, kana iya cewa a cire, kuma in ka biya shi ba sai ka ƙara wani tukwici ba. Tun Oktoban 2024 doka ta ce kuɗin ya tafi ga ma'aikata dukansa. In ka ce "ruwa" kawai, na kwalba za a kawo a caje ka. Ka ce na famfo, wanda dole ne duk wurin da ke sayar da giya ya bayar kyauta. Ka tambayi abin da aka kwaɓa fulawar soya kifi da shi, don wasu da giya suke kwaɓawa, ka kuma tambayi man suya. Alamar halal a taga ba koyaushe take nufin duk naman gidan ba, wani wurin kaza ce kaɗai. Manhajojin kawo abinci irin su Deliveroo da Uber Eats kuma kan ɗora kuɗin kawowa da na hidima a kan farashin da sau da yawa ya riga ya fi na cikin shagon, don haka in wurin yana kusa, ka taka da ƙafa ka karɓo.