Godiya Bayan Aikin Bayan Baba

Alhamdulillahi, Baba ya dawo gida Ƙofar Ƙaura, har yana dogara sanda zuwa masallacin unguwa. Kun san abin da aka sha tun daga Katsina har Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, ba sai na maimaita ba. Jiki ya gaji, amma hankali ya kwanta.

Bayan an cire ɓangaren faifan guringuntsin da ya zamo daga tsakanin ƙasusuwan ƙasan baya biyu da likitoci ke kira L4 da L5 yana danne jijiyar ƙafa, ciwon bai sake shi nan take ba. Cikin wannan firgici aka kawo mana labarin allurar ƙwayoyin halitta na asali, waɗanda ake zuƙowa daga ɓargon ƙashin ƙugu a zuba cikin faifan, wai a Indiya za a mayar da shi sabo fil. Har mun sa gonar gado a kasuwa. Da likitan da ya yi aikin ya ji, sai ya dawo bayan ya tashi daga aiki, ya jawo kujera, ya ɗaga hoton MRI, wato hoton cikin bayan Baba, ya yi mana bayani. Ya ce faifan kusan ba shi da hanyoyin jini, shi ya sa yake nawar warkewa, kuma ƙwayoyin da aka zuba ma rayuwa a cikinsa tana yi musu wuya. Masana suna kan bincike, akwai fata, amma har yanzu gwaji ne, kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ba ta amince da shi a matsayin maganin faifan baya ba. Sannan ya riƙe hannun Baba ya ce, "Baba, ku bar gonarku, ku ba gashin ƙashi lokaci." Wallahi a nan hawaye ya zubo mini.

Ba a saba kiran suna ba, amma dole in ambaci Kawu na Daura da ya kwana a barandar asibiti, da Inna da ba ta bar mu da yunwa ba, da liman da matan unguwa da suka haɗa abin da ya sawwaƙa. Allah Ya saka muku da Aljanna Firdausi, Ya raba ku da jinya, Ya jiƙan iyayenku, Ya shirya zuri'arku. 'Yan'uwan da ko waya ba su buga ba, Baba ya yi ta tambayarku, mu kuma muna ta nema muku uzuri.

Masu zuwa dubiya, don Allah a zo bayan La'asar, kuma a taƙaita hira, domin likita ya hana shi dogon zama.