Jaririn da bai yi zazzaɓi ba

A shekarata ta farko a ɗakin jarirai, wata uwa ta kawo mini ɗanta mai kwana 2 da tsakar dare. Ta ce, "Likita, tun la'asar ya ƙi kama nono, ko kuka ba ya yi." Na taɓa goshinsa na ji ba zafi, na ce mata barci ne irin na jarirai, ta sake gwadawa an jima.

Wata tsohuwar nas da ke gefe ba ta ce mini uffan ba. Ta sa masa ma'aunin zafi a hammata, ta miƙo mini: 35.1. Ta yaye masa zani, ta zuba wa agogo ido minti ɗaya cur, ta ce numfashi 72. Sai a lokacin na lura ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa duk ya ja iska. Kunya ta rufe ni, don na san alamomin cuta mai tsanani irin sefsis da Hukumar Lafiya ta Duniya ta zayyana wa jaririn da bai kai wata 2 ba: ƙin nono, jijjiga, numfashi 60 ko fiye a minti, zafin jiki 38 ko sanyi ƙasa da 35.5, rashin motsi sai an taɓa shi. Na haddace su don jarrabawa, amma ina tsaye ina jiran zazzaɓi.

Da na sake tambayar uwar, ashe fayarta ta fashe kusan kwana guda kafin ta haihu, alhali awa 18 ma ta isa a fara zargin cuta ta kama jariri. Muka ɗebi jini don gano ƙwayar cutar, muka fara allurar ampicillin da gentamicin nan take. Gwajin CRP na farko, wato gwajin jini mai nuna jiki na yaƙar cuta, ya fito lafiya lau, har na so na ji sanyi a raina. Na washegari ya hau sama. Haka gwajin yake, yana ɗaukar sa'o'i kafin ya tashi. Bayan kwana 2 aka gano ƙwayar cutar E. coli a jininsa.

Mutane kan ce cuta ta shiga jini, amma sefsis ya wuce nan: jiki ne ke yaƙar cutar har ya koma yana lalata gaɓoɓinsa. Ma'aunin gano sefsis a yara na 2005 ya dogara da zafi, bugun zuciya, numfashi da yawan fararen ƙwayoyin jini, sai ya riƙa kwaso yaran da ba su cikin haɗari. Ma'aunin Phoenix na 2024 ya fi mini ma'ana, yana duba huhu, zuciya da gudun jini, daskarewar jini da ƙwaƙwalwa, maki 2 sun isa a ce sefsis ne. Sai dai bai haɗa da bakwaini ba, ko jaririn da ba a sallama ba tun haihuwa. A wurinsu ido da agogo ne abin dogaro.

Ranar da aka sallami yaron, nas ɗin ta dube ni ta ce, "Likita, ka sayi agogo mai sakan." Washegari na saya.