Laraba, 19 ga Maris 2025: Ɗinkin Sallah

Ƙarar tukwanen maƙwabta masu sahur ce ta tashe ni, na ga ba amfanin komawa barci. Na tashi maigida muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida don sujadar safe, ɗaki ba ya shiguwa saboda zafi, ga ba wuta tun dare. Karatunmu na Littafi Mai Tsarki ya kawo sura ta 5 ta wasiƙar Yakubu. A aya ta 12 ya hana rantsuwa, ko da sama ko da ƙasa, ya ce in mutum ya ce i to ya zama i ɗin ne, in ya ce a'a kuma shi ke nan. Maigida ya rufe littafin yana murmushi, wai wannan ayar da teloli ake. Na ce da teloli da makanikai, ai shi ma ya san sana'arsa.

Yau azumi 19. Bana abin ya zo a haɗe: Musulmi sun ɗauka ranar 1 ga Maris, 'yan Katolika da Angilika suka shiga nasu na kwana 40 ranar 5 ga wata. Mu 'yan cocin ECWA ba mu cika bin wannan tsarin ba, amma Ista, bikin tashin Almasihu, na tafe ranar 20 ga Afrilu, don haka kaya biyu ne a kaina, na Sallah a gaba, na Ista a bayansa.

Daga Badawa na hau adaidaita sahu zuwa Kantin Kwari sayen zif da zare da yadin ciki. Ba masaka tsinke. Na samu abin da na samu na wuce shago.

Wajen ƙarfe sha ɗaya wata Hajiya ta shigo, tsohuwar mai kawo mini ɗinki ce, direbanta na biye da ita da jaka niƙi-niƙi. Ta zazzage a kan teburin yanka: leshi biyu, atamfofi nata da na 'yan matanta, har da shaddar da take so a yi mata bubu. Muka gaisa, na yi mata sannu da ibada, ta tambayi 'yan biyu. Sannan ta ce, "Maman Biyu, kafin Sallah nake so, kin san ba na kai wa kowa sai ke."

Na jawo littafin awo na buɗe mata. Kowane shafi da suna da ranar karɓa, har zuwa jajibere ba gurbi ko ɗaya. Na ce, "Hajiya, ki gafarce ni, in na karɓa na yaudare ki. Wanda ke hannuna ma sai na haɗa da dare. In za ki bari sai bayan Sallah da mako guda, na yi miki shi yadda kike so."

Ta ce za ta ninka kuɗin. Ta zuge jaka ta fito da kafin alƙalami ta ajiye a kan leshin. Ba zan ɓoye ba, idona ya tsaya a kan kuɗin nan, don ƙarshen watan nan mai shago zai zo karɓar haya, kuma fetur ɗin janareta kaɗai ya ishi mutum tunani. Na tura mata abinta. Fuskarta ta canza. Ta ce ashe haka nake, na samu kasuwa na fara wulaƙanta mutane. Maganar ta yi mini zafi, amsa ta zo har bakina, na haɗiye ta da kyar. Na taya direban mayar da kayan cikin jaka, na kwatanta mata wani tela a Fagge da nake jin bai cika ba tukuna. Ko sallama ba ta yi mini ba.

Tana fita yarinyar da ke koyon ɗinki a wurina ta ajiye dutsen guga ta ce, "Anti, amma kowa karɓa yake yi. In jajibere ta zo a ce wuta ce ba a kawo ba, ko a kashe waya. Bayan Sallah a ba su haƙuri, su kuma dawo." Gaskiya ta faɗa, haka ake yi, har ta kai ba mai jin kunyar abin. Na ce mata, 'yata, je ki ɗauko atamfar can mai ruwan ganye. Ta ɗauko. Na ce ta wace ce? Ta ce ta matar mai gadin makaranta. Matar nan turmi ɗaya ta iya saya bana, yadi shida, a ciki za a fitar mata da riga da zane, a kuma fitar wa jaririyarta 'yar riga. In na karɓi na Hajiya, kayan wa zan ture gefe? Ba na Hajiya ba, tunda ta ninka kuɗi. Na wannan matar zan ture, don na san ba ta da bakin yi mini faɗa. Wanda ake cuta da ƙaryar tela kusan kullum shi ne wanda ya fi kowa rauni a layin. Yarinyar ta yi shiru, ban sani ba ko ta yarda ko dai ta ga ba ta da ta cewa.

Malam mai surfani na shagon kusa da mu ya ji komai, bangon katako ne tsakaninmu. Ya leƙo ya ce, "Maman Biyu, kada ki damu, alƙawari kaya ne. Ni tun goma ga azumi na rufe karɓa." Da rana na shiga bayan labule na ci ɗan abin da na taho da shi. Ba wanda ya hana ni ci a fili, amma mutumin nan yana taka keke cikin wannan zafi ba ko ɗigon ruwa, bai kamata in zauna gabansa ina kwankwaɗar ruwan sanyi ba.

Ƙarfe huɗu da rabi na bar wa yarinyar kalmasa na tafi addu'ar tsakiyar mako a Sabon Gari. Ba mu da yawa, kamar kullum mata sun fi. Fasto ya yi tafiya, wani dattijo ne ya bi da mu, tsoho ne ɗan ƙauyukan wajen Rano, irin waɗanda iyayensu Maguzawa ne kamar kakannina. Ya buɗe 1 Tasalonikawa 4:11-12, inda Bulus ya gargaɗi masu bi su zauna lafiya, kowa ya kula da sha'anin gabansa, ya yi aiki da hannunsa, don waɗanda ke waje su ga mutuncinsu. Ya tuna mana cewa mai wannan maganar shi kansa da allura ya ci abinci: Ayyukan Manzanni 18 ta nuna ya zauna a Koranti gidan Akila da Bilkisu suna ɗinkin tanti tare. Ya kuma kawo Dokas ta Yafa, wadda da ta rasu gwauraye suka kewaye Bitrus suna kuka suna nuna masa rigunan da ta ɗinka. Ya ce ba a rubuta mana wa'azin Dokas ko ɗaya ba, riguna aka nuna. Matan da suka san sana'ata suka juyo suna kallona, na sunkuyar da kai.

Daga nan Baba ya shiga tarihi, abin da yake so ke nan. Ya ce a 1900 Bishop Tugwell da Likita Mila sun iso Kano, Sarki Alu bai bar su sun zauna ba. Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa bai fito ba sai 1932. Amma ka tare kowane mutumin birni ka ce me ya sani game da ECWA, zai ce maka asibitin ido, wanda 'yan mishan na SIM suka buɗe tun 1943, har daga Nijar ake zuwa. Mutumin da aka cire masa yanar ido ya koma gida yana gani, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Wata amarya ta ɗaga hannu. Ta ce, "Baba, ina karatu, ina addu'a, amma ban ji na ƙaru da komai ba. Yaya mutum zai san yana girma cikin Ubangiji?" Ya kai ta Markus 4:26-28, misalin manomin da ya watsa iri, yana kwana yana tashi, irin yana tsiro yana girma bai san ta yaya ba, daga ganye zuwa zangarniya zuwa ƙwaya. Sannan ya karanta albarkar Ruhu guda tara a Galatiyawa 5:22-23, ya tsaya a kan haƙuri da aminci da kamunkai. Ya ce, "'Yata, kada ki tambayi zuciyarki, za ta ruɗe ki. Tambayi uwar mijinki. Tambayi wadda ke bin ki bashi." Aka yi dariya, amma ita amaryar ba ta yi ba.

Na yarda da Baba, musamman da na san masu zuwa addu'ar dare duk mako, muryarsu ta fi ta kowa, amma kuɗin adashi ya maƙale a hannunsu tun bara. Sai dai a hanyar komawa wani abu ya tsaya mini. Malam maƙwabcina ba Kirista ba ne, kuma a cika alƙawari ban kama ƙafarsa ba. To me ya bambanta nawa? A aikin kansa ba komai, rigar da aka gama a kan lokaci riga ce, ko wa ya ɗinka. Abin da na iya ganowa shi ne inda nake samun ƙarfin. Afisawa 2:8-10 ta ce ta wurin alheri aka cece mu, ba da ayyukanmu ba, amma don kyawawan ayyuka aka halicce mu cikin Almasihu. Ba sayen wani abu nake yi a wurin Allah da kuɗin Hajiya da na mayar ba. Kuma na san da ban zauna a tabarmar nan da asuba ba, da wuya hannuna ya iya tura kuɗin. A nan nake ganin Baba ya ɗan gajarta: uwar miji za ta ga ƙwayar, amma ba ita ke ba shukar ruwa ba.

Na iso shago ana kiran magariba. Iyalin Malam sun aiko masa da kunun tsamiya da ƙosai, ya raba ya miƙo mana namu ta saman katako. Muka tayar da janareta muka duƙufa. Na gama rigar matar mai gadi, ragowar ƙyallen ya kai rabin yadi, na naɗe na sa mata a cikin ledar, zai yi wa jaririyar hula.

Wajen ƙarfe tara waya ta yi ƙara, wata babba ce a Zumuntar Mata ta cocinmu. 'Yarta za ta je biki ranar Asabar ta sama, tana so in saka kayanta a gaba. Na ce Mama, littafi ya cika har jajibere. Ta ce, "Haba, ke da 'yar'uwarki cikin Ubangiji? Ki ɗan matsar da na wani mana." Wannan ya fi na Hajiya wuya nesa ba kusa ba, don ita ce ta kwana da ni a asibiti ranar da na haifi 'yan biyu. Na ce mata ba zan iya ɗaga na kowa ba, amma in 'yar za ta yarda da doguwar riga marar ado, zan yanka mata da kaina gobe in kai wa wata ƙawata a unguwar Brigade ta haɗa, kuɗin yanka kuma na yafe. Ta ce za ta yi shawara, ta kashe wayar ba tare da sai da safe ba. Ranar Lahadi benci ɗaya muke zama.

Na faɗa wa maigida duka biyun da na dawo. Ya ce na Hajiya ya gane, na Mama kuma in shirya, maganar za ta zaga. Ya tambaya ko kuɗin haya ya haɗu. Na ce saura kaɗan, in masu karɓa ranar Juma'a sun cika nasu.