Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Kama da Wane Ba Ta Wane

Makon jiya na tsaya a inda aka ɗauke ni aiki a ɗakin gwaje-gwaje, amma ban gama da maganar Kawu ba. Shi ne ya zauna a zauren gidanmu, gaban Baffa da Yaya Babba, ya ce, "Yaron da ya bar gona ya tafi kiwon ƙwayar cuta a faranti, shi zan ba 'yata?" Baffa carbinsa kawai yake ja. Sai da aka watse ya ce min, "Rabu da shi, kama da wane ba ta wane."

A wurin Kawu duk abin da ido ba ya gani cuta ne. Ni kuwa aikina shi ne tambayar bakteriya sunanta, don ba ta faɗa sai an matsa mata. Da farko a shafa ta a gilashi a yi mata rinin Gram, wanda wani likita ɗan Denmak ya ƙirƙiro a 1884. Wata ta riƙe launin shunayya, wata a wanke ta da barasa ta saki, ta koma ja-ja. Daga nan a ɗiga mata ruwan haidurojin feroksaid. In ta yi kumfa, tana da wani sinadari da ake kira katales. A ba ta sinadarin sitiret cikin koren abincin da ake kiwon ta a kai, in ta ci, abincin ya juye shuɗi. Gwajin indol ya fi burge ni, ɗigo kaɗan ne jan zobe ya taso a saman kwalba. Ƙanƙanin kuskure wajen dafa kayan aiki don kashe ƙwayoyin da ke jikinsu, zafin maki 121 na minti 15, sai aikin mako guda ya tafi a banza. Ga ɗauke wuta.

Wata shekara Oga ya sa ni tattaro ƙasar gonaki. Har daga gonar waken Baffa na ɗebo. Ana jiƙa ƙasar a ɗumama ta a maki 80 na minti 10, masu rauni su mutu, a bar masu shiga ɓawo su yi likimo. Abin da ya tsiro sanda-sanda ne, ya riƙe shunayya, ya yi kumfa, ya ci sitaci. Oga ya duba takardata ya ce Bacillus cereus ce, mai ɓata kwantan shinkafa ta sa amai, in zubar. Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ta 'yan kwanaki." Ya harare ni, ni da ba ni da digiri.

Maganar Baffa ce ta hana ni zubarwa. Waɗannan gwaje-gwaje ba sa raba ta da 'yar uwarta Bacillus thuringiensis. Sai ta tsufa ta yi ɓawo, a sa ta a madubin likita, a ga ɗan dunƙulen furotin mai kusurwoyi kwance a gefensa. Na gan shi. Wannan dunƙulen idan tsutsa ta ci, cikinta mai kanwa-kanwa ne, sai ya narke ya huda hanjinta, ta daina ci ta mutu. Cikin mutum mai tsami ne, kuma babu inda gubar za ta kama. A Japan aka fara ganin ƙwayar a 1901 tana kashe tsutsar siliki, a 1911 wani Bajamushe ya sake samun ta a yankin Thuringia, sunan ya bi ta. Duk wannan Oga ne ya karanta mana a taro, yana nuna hoton gilashina. Takardar binciken ta fito da sunaye huɗu, babu nawa. Na yafe, amma ban manta ba.

Shekarun da suka biyo baya ba ni da abin faɗa a kansu, albashi ne da haihuwa.

A 2019 aka amince da waken SAMPEA 20-T na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya. An sa masa ƙwayar halitta daga wannan bakteriya don ya kare kansa daga tsutsar Maruka mai cin fure da kwanso. Ba ni da hannu a aikin, kada wani ya ce na yi ƙarya. Mai yin feshi sau shida zuwa takwas ya koma sau biyu. Akwai masu ƙyamar irin, ina jin hujjarsu, ba yau zan shiga ciki ba.

Babban ɗan Kawu ne ya fara shuka shi a danginmu. Da na je gaisuwar sallah, Kawu, ido ya yi rauni, ya riƙe hannuna ya ce, "Ashe cikin ƙwayoyin naku har da na kirki?" Na ce, "Akwai, Kawu." Bai ambaci 'yar tasa ba, ni ma ban ambata ba, ga ta kuwa tana zuba mana kunu, jikanta a goye.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan faɗi yadda Goggo ta je Funtuwa ta nemo min uwar yarana ba da sanin Baffa ba.