Godiya bayan hatsarin jirginmu

Alhamdu lillahi, na dawo gida lafiya, kuma duk abokan aikina sun tsira da ransu bayan jirgin ruwan dakon kayan da muke aiki a ciki ya hau kan duwatsu cikin dare ya tsage. 'Yan'uwa da abokan arziki da kuka yi ta kira, kuka yi ta addu'a, kuka zauna da mahaifiyata lokacin da ba a san halin da muke ciki ba, Allah Ya saka muku da alheri, Ya bar zumunci.

Godiya ta musamman ga kyaftin da ma'aikatan jirgin da ya baro hanyarsa ya zo ya tsamo mu. Yarjejeniyar SOLAS ta 1974, wato dokar ƙasa da ƙasa ta kare rayuka a teku, ta wajabta wa kowane kyaftin kai ɗauki ga wanda ke cikin haɗari a teku, to amma bargon da suka lulluɓa mana da kalaman kwantar da hankali, waɗannan halin kirkinsu ne. Sai shugabanmu na ma'aikatan saman jirgi, dattijon da muka riƙa yi wa gunaguni saboda ba ya ɗaga ƙafa kan atisayen barin jirgi na wata-wata. Baba, mun gode. A cikin duhun nan kowa ya san inda rigar cetonsa take, ya san kwalekwalen da zai shiga.

Da yawa kun tambaye ni ko guguwa ce. Wallahi teku na kwance lafiya lau. Barci ne ya sace jami'in da ke tuƙi. Yarjejeniyar STCW, wadda ta tsara horo da aikin tsaro na ma'aikatan jiragen ruwa, ta ce a ba ma'aikacin jirgi hutun aƙalla awa 10 cikin kowace awa 24, da awa 77 a mako. A takarda muna samun hakan cif, a zahiri kuwa daga lodi sai sauke kaya sai tsaron dare. Doka ta 5 ta ƙa'idojin kauce wa karon jirage a teku na 1972 ta ce kada a taɓa rasa mai sa ido, amma an janye wanda ya kamata ya tsaya tare da mai tuƙin don ya yi wani aiki da safe. Ƙararrawar da ke tada mai tuƙi in ya daɗe bai motsa ba, ita ma an kashe ta, wai tana damun mutane.

Na yi imani da ƙaddara, sai dai ba zan ɗora wa bawan Allahn nan laifin shi kaɗai ba. Ga misali: a 1987 jirgin fasinja mai suna Herald of Free Enterprise ya kife a Zeebrugge ta Beljiyam, mutum 193 suka mutu, saboda ya tashi ƙofar gabansa a buɗe, mai rufe ta yana barci. Bincike ya gano sakacin ya kai har shugabannin kamfanin, kuma daga nan aka samo ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ISM da ke ɗora wa kamfani alhakin tsaron jirginsa. Ni ma abin da na gani a jirginmu na faɗa wa masu binciken hatsarinmu ba ragi.

Injiniyanmu ɗaya yana asibiti da karaya a cinya, a sa shi a addu'a. Wayata kuma ta tafi da jirgin, waɗanda ban amsa saƙonsu ba su yi mini uzuri.